Amfani da Waya a Ƙasar Waje da Hanyoyin Kiran Ƙetare Cikin Rahusa

Mutumin da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan, in ya ɗauki wayarsa ya kira lambar Amurka, sannan ya kira lambar Maraɗi, a yawancin tsare-tsaren layukanmu kiran Maraɗin ne zai fi cinye masa kati. Amurka sai an haye teku, Maraɗi kuwa daga Jibiya tafiya ce ta ɗan lokaci a mota. Duk da haka kuɗin kira ba ya bin nisan hanya. Wanda ya gane dalilin wannan ya gane rabin maganar kiran ƙasar waje.

Abin ya shafe mu sosai mu mazauna kudu. Shanun da ake saukewa a Oko-Oba da Akinyele da Lokpanta, da yawansu daga Nijar da Chadi suka taso, suka bi ta Maigatari ko Illela ko Mubi. Akwai masu zuwa Kwatano da Lome saro kaya, akwai masu dangi a zangon Kumasi, ga alhazai da masu Umara, ga 'yan Dubai da Chaina. Kowannensu yana da buƙata biyu: ya kira waje daga gida, ko ya riƙe waya a waje a same shi daga gida. Maganganu biyu ne daban, kuma kowacce da nata lissafin.

Abin da ke sa kira tsada

Idan ka kira wata ƙasa, kamfanin layinka ba shi ne zai kai kiran har kunnen mutumin ba. Zai miƙa shi ga kamfanin can, shi kuma na can sai ya karɓi kuɗi a kan kowane minti kafin ya bar kiran ya shiga. Kamar dai tirelar shanu ce ta iso kara: komai arhar da ka sayo su, sai ka biya kuɗin saukewa, kuma kowace kasuwa da nata. To haka kowace ƙasa take da nata kuɗin sauke kira. A Amurka da Kanada da Indiya da Chaina kuɗin kaɗan ne ƙwarai. A ƙasashen Afirka da dama yana da yawa, don gwamnatoci da kamfanoni sun ɗauke shi hanyar samun kuɗin waje. Mu ma nan haka ne. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta tsayar da shi a kan senti 10 na dalar Amurka kowane minti daga watan Satumba na 2022. Wato ɗan'uwanka da ke Yamai shi ma yana kukan tsadar kiran Najeriya kamar yadda kake kukan kiran Nijar.

Da dala ake wannan lissafi tsakanin kamfanoni. Shi ya sa da naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, kiran waje ya bi ta ya hau. A watan Janairun 2025 kuma NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Saboda haka farashin da wani ya gaya maka bara, kada ka riƙe shi. Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiya ita ce ka danna *310# ka ga abin da ke cikin layinka, ka yi kiran minti ɗaya cif, ka sake dannawa. Abin da ya ragu shi ne farashin, ba wanda aka rubuta a talla ba.

Akwai ƙunshin kiran waje da kamfanoni ke sayarwa, ka biya kuɗi kaza a ba ka mintuna kaza. Kafin ka saya ka duba sunayen ƙasashen da ke ciki. Galibi waɗancan masu arhar ne ake zubawa: Amurka, Kanada, Chaina, Indiya, da wayar tebur ta Ingila. Mai kiran Damagaram ko Njamena in ya saya bai duba ba, mintunan suna nan kwance, katinsa na asali kuma ana ta yanka.

Wani abu kuma da mutane ke mamaki: ɗanka ya kira ka daga Jidda amma lambar Najeriya ta fito a fuskar wayarka. Wasu ne suke kauce wa kuɗin saukewar nan, su ɗauko kiran ta intanet su zuba shi cikin akwati mai cike da layukan gida. Haramtacciyar sana'a ce, hukuma na farautar masu yin ta, kuma muryar takan zo a daddatse. In ka bi wannan lambar don mayar da kira ba za ka sami ɗan naka ba.

Yadda ake rubuta lamba

Nan ne kira da yawa ke lalacewa tun bai tashi ba. Kowace ƙasa tana da lambar shiga, ana fara ta da alamar +. A yawancin wayoyi in ka danne sifili ka riƙe, alamar za ta fito. Najeriya +234 ce, Nijar +227, Chadi +235, Kamaru +237, Jamhuriyar Benin +229, Togo +228, Ghana +233, Kwaddebuwa +225, Sudan +249, Libiya +218. Saudiyya +966, Dubai da sauran Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa +971, Chaina +86, Ingila +44, Amurka da Kanada +1.

Ƙa'idar da aka saba ita ce a jefar da sifilin farko. Lambar Najeriya da ta fara da 0803 za ta koma +234803, ta Saudiyya mai 05 a gaba ta koma +9665, ta Ghana ma haka. Nijar da Chadi da Togo ba su da wannan sifilin tun farko, alƙaluma takwas ne, ka ɗora su kai tsaye bayan lambar ƙasa. Na Kamaru tara ne, na wayar hannu suna farawa da 6. Amma ƙasashe biyu sun saɓa wa ƙa'idar, kuma 'yan Kwatano su lura. Kwaddebuwa ta koma alƙaluma goma a 2021, Benin kuma ta bi sahu a ƙarshen Nuwamban 2024, inda aka ƙara 01 a gaban kowace lamba. A waɗannan biyun ba a cire sifili. In kana da tsohuwar lambar abokin cinikinka na Dantokpa mai alƙaluma takwas tana ƙin shiga, ba sauya layi ya yi ba, +22901 za ka sa a gaba.

Shawarata, duk lambar da ke wayarka mai muhimmanci ka adana ta da + da lambar ƙasa, har na Najeriya. A gida za ta shiga kamar kullum, kuɗin ma ba zai canza ba. Ranar da ka tsallaka boda kuwa ba sai ka zauna gyaran lambobi ɗaya bayan ɗaya ba.

Romin

Romin shi ne ka shiga wata ƙasa da layinka na gida, ya kama sabis ɗin wani kamfani na can ya ci gaba da aiki. Daɗinsa a fili yake: lambarka ba ta canza ba, kowa zai same ka. Tsadarsa ce ba a fili take ba.

Abu na farko da ke ba mutane mamaki shi ne a romin amsa kira ma kuɗi ne. A gida mun saba mai kira ke biya. Amma in kana Makka da layin MTN, wanda ya kira ka daga Mile 12 kuɗin kiran gida kawai zai biya, don shi lambar Najeriya ya kira. Ɗaukar kiran daga Najeriya zuwa Saudiyya kuwa a kanka yake. Sai ka ga Alhaji bai kira kowa ba, 'yan gaisuwa ne kawai suke ta kira ana masa sannu da ibada, kwana biyu kati ya ƙare. Karɓar saƙon tes ne galibi kyauta, turawa kuma da kuɗi.

Na biyu shi ne data, kuma ita ce babbar mai cin. Babbar waya ba ta zama shiru ko tana aljihu. Tana sabunta manhajoji, tana sauke hotuna da bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp, tana ajiye naka a intanet. A kan farashin romin, ba tare da ka sayi ƙunshi na musamman ba, abin da zai yi maka wata guda a gida yana iya tafiya kafin ka fito daga filin jirgi. Tun kana gida ka shiga saitin waya, wajen da ya shafi layi da data, ka kashe inda aka rubuta "Data roaming". Kashe shi ba ya hana kira da tes shigowa.

Na uku ƙarami ne amma yana cizo. In layinka yana da tsarin karkatar da kira zuwa akwatin ajiye saƙon murya, kiran da ba ka ɗauka ba yana iya zuwa har inda kake ya koma gida, a caje ka a kai. Danna ##002# ka kira kafin tafiya, yana share duk wata karkatarwa.

Sai kuma romin da mutum bai shirya masa ba. Sabis bai san shingen kwastan ba. A Seme da Idiroko, a Mfum ta wajen Ikom, a Illela da Jibiya da Gamboru, waya takan bar eriyar Najeriya ta kama ta maƙwabta alhali ƙafarka tana cikin ƙasarka. Direbobi da yaran mota da ke kwana a boda su suka fi shan wannan. In ka ga saƙon maraba da zuwa Benin ko Kamaru ya shigo, ko harafin R ya fito kusa da sandunan sabis, to ka fita gida a lissafin kamfani. Maganinsa ka shiga saiti ka cire zaɓen sabis daga hannun waya, ka zaɓi kamfaninka da kanka.

Kafin tafiya ka kira 300, lambar kula da masu hulɗa ce a duk layukan Najeriya tun da NCC ta haɗe gajerun lambobi a 2023. Ka tambaye su abu huɗu: layina a buɗe yake don romin a ƙasa kaza? Nawa ne amsa kira? Nawa ne kiran gida, kuma da daƙiƙa ake lissafi ko da minti? Akwai ƙunshin romin na wannan ƙasar? Tambayar daƙiƙa da minti ba ƙarama ba ce. Tun da Glo ta shigo da lissafin daƙiƙa a 2003 muka manta da zamanin da kiran daƙiƙa biyar ke cin kuɗin minti guda, amma a romin ana iya tarar da shi.

Yana da kyau kuma ka duba ko kamfaninka yana da reshe a inda za ka. MTN tana Ghana, Benin, Kamaru, Kwaddebuwa da Sudan. Airtel tana Nijar da Chadi. Manyanmu da suka yi fatauci a shekarun baya suna tuna zamanin Celtel da Zain, lokacin da a 2007 aka shigar da Najeriya da Nijar da Chadi cikin tsarin nan na One Network, mutum ya tsallaka da layinsa ya amsa kira kyauta. Abubuwa sun canza tun daga nan, amma har yanzu tsakanin rassan kamfani ɗaya ne aka fi samun sauƙi.

A takarda, ƙungiyar ECOWAS ta zartar da doka tun Disambar 2017 cewa ɗan yankin da ya shiga wata ƙasar ƙungiyar ya amsa kira kyauta har kwana 30, ya kuma yi kira a farashin 'yan ƙasar. A aikace kuwa ƙasa da ƙasa suke zama su ƙulla kafin ta fara aiki. Ghana da Kwaddebuwa suka fara a 2023, daga baya Togo da Benin suka shiga irin wannan yarjejeniya. Nijar, wadda ita ce ta fi damun mai harkar dabbobi, ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025. Chadi da Kamaru dama can ba 'yan ƙungiyar ba ne. Don haka kada ka ji an ce "romin kyauta a Afirka ta Yamma" a rediyo ka saki jiki. Abin da 300 suka gaya maka a kan ƙasar da za ka shi ne abin riƙewa.

Sayen layin can

Wanda zai wuce kwana biyu ko uku a wata ƙasa, a ganina babu abin da ya kai masa sayen layin ƙasar. Zai sami data a farashin 'yan gari, ya kira direba da mai masauki da dillali a kuɗin gida. Tsarin da ya fi shi ne waya mai layi biyu, irin su Tecno da Infinix da itel da ke hannun kowa: layin Najeriya a ciki yana karɓar tes kawai, layin can yana ɗauke da data da kira. Ka tabbata a saiti ka nuna wa wayar wanne ne na data.

A Nijar akwai Airtel, Moov Africa, Zamani wanda shi ne tsohon Orange, da Niger Telecom. A Chadi Airtel da Moov Africa. A Kamaru MTN da Orange su ne manya. Benin tana da MTN da Moov Africa da Celtiis. Ghana kuwa MTN, Telecel wanda ake kira Vodafone a da, da AT. Ka tambayi mutanen garin da za ka zauna wanne ya fi kamawa a wurinsu, don layin da ke gudu a babban birni yana iya zama kurma a kasuwar dabbobi ta ƙauye.

Ko'ina yanzu sai da rajista, kamar yadda muke yi da NIN. Ka je ofishinsu ko shagon wakilinsu da fasfo ko takardar tafiyarka, a yi da sunanka. Layin da yaro ya miƙo maka a tasha wai an riga an yi masa rajista, da sunan wani aka yi. Ana iya rufe shi ko yaushe, in ka zuba kuɗi a asusun wayar ba ka da hujjar karɓa, in kuma mai sunan yana da laifi a kansa kai za a tarar riƙe da layin.

Wayoyin da ake kawowa na hannu daga Turai da Amurka, waɗanda ake saya a Computer Village, wasunsu a kulle suke a kan kamfani ɗaya, ko an buɗe su da ɗan siririn faifai a ƙarƙashin layi. Irin waɗannan sukan ƙi sabon layi. Ka gwada layin wani kamfani a ciki tun kana gida. Akwai kuma eSIM, wato layin da ba a riƙe shi a hannu, ana sauke shi cikin waya ta hanyar ɗaukar hoton wata alama. iPhone daga XS zuwa sama da manyan Samsung suna da shi, kuma iPhone 14 zuwa sama da aka yi don kasuwar Amurka ba su da ramin sa layi sam. Kamfanoni irin su Airalo suna sayar da eSIM na matafiya, ka saya kana gida ka sauka da data a hannu. Yawancinsu data ce zalla babu lambar kira, kuma da katin banki ake biya.

Kira ta intanet

Duk lissafin kuɗin sauke kira da muka yi a sama, kiran intanet ya kewaye shi. WhatsApp ta fara kiran murya a 2015, na bidiyo a 2016. Ba ruwanta da ƙasar da mutum yake, data kawai take ci, kuma ba da yawa ba. Kiran murya bai kai megabayit ɗaya a minti ba. Wato gigabayit ɗaya zai ɗauki hira ta fiye da awa 16. Bidiyo ne mai ci, ya ninka murya sau da yawa. A cikin saitin WhatsApp, wajen ajiya da data, akwai inda za ka kunna rage cin data a lokacin kira. In sabis yana rawa, ka bar kira ka tura saƙon murya, zai jira har ya sami hanya ya wuce. Ga mai ciniki ma ya fi, don farashin da aka faɗa yana nan a ajiye, babu "ni ban ce haka ba".

Tambayar da aka fi yi ita ce, in na sa layin Saudiyya ko na Ghana WhatsApp ɗina zai tafi? Ba zai tafi ba. Yana nan a kan lambarka ta Najeriya, da duk zaurukanka. In ya tambaye ka ko za ka sauya lamba, ka ƙi. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka goge manhajar ko ka sauya waya kana can, don sake shiga sai da lambobi shida da za a turo wa layin Najeriya.

Matsalar ita ce ba kowa ke da babbar waya ba. Baffanka da ke ruga a bayan Dakwaro, ko makiyayin da ke rako shanu, ƙaramar waya mai tocila ce a hannunsa, ita ce mai riƙe caji kwana huɗu. Shi dole sai kira na sosai. Nan dabaru uku ne. Mutanen garuruwan bakin iyaka irin su Ƙonni da Dan Isa da yawansu suna riƙe da layin Najeriya saboda sabis ɗinmu yana tsallakawa. Ka tambaya, in yana da shi kiran gida ne kawai. In babu, ku tsayar da lokaci, misali ranar kasuwa bayan la'asar, ya je wurin wani mai babbar waya ku yi magana ta WhatsApp. Ta uku ita ce manhajojin da ke ɗaukar kira daga intanet su sauke shi a wayar da ba ta da data, irin su Viber Out da Rebtel da Talk360. Skype da aka fi sani da wannan aiki an rufe shi a watan Mayun 2025. Sai dai su ma suna biyan kuɗin saukewar nan, don haka arharsu a kiran Amurka da Indiya take fitowa, a kiran Nijar da Chadi ba lallai su fi layinka ba. Ka duba farashin ƙasar a cikin manhajar, ka gwada da abin da *310# ya nuna maka. Sun fi amfani ga 'yan'uwanmu da ke Turai da ƙasashen Larabawa masu kiran tsofaffi a gida.

In dai kira na sosai ne, to a taƙaita gaisuwa. Mu Hausawa kafin a gama ina gajiya, ina iyali, ya ruwa, ya dabbobi, minti biyu sun tafi ba a taɓo maganar da aka kira dominta ba. Babba ba a yanke masa gaisuwa, gaskiya ne, amma ana iya cewa "Baffa, kiran waje ne" kuma zai gane.

Kada kuma a dogara da intanet ita kaɗai. Chadi ta toshe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 har Yulin 2019. Kamaru ta yanke intanet a yankunan masu Turancin Ingilishi na tsawon wata uku a 2017, yankin da mai bi ta Mfum yake fara shiga. Sudan kuwa tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 sabis ɗin waya kansa yana ɗaukewa, a Fabrairun 2024 kusan ƙasar duka ta yi shiru. Mai dangi a irin waɗannan wurare ya riƙe lambar mutum biyu ko uku a kan layuka daban-daban.

Saudiyya, Dubai da Chaina

A Saudiyya manyan kamfanoni uku ne, STC da Mobily da Zain, kuma suna da rumfuna a filayen jirgin Jidda da Madina da kewayen Harami. Ana sayar da layi da fasfo da biza, a ɗauki hoton yatsa. Suna da ƙunshin baƙi na alhazai mai data, wani har da mintunan kiran waje, sai ka tambaya ko Najeriya tana ciki. Saudiyya ta ɗage takunkumin kiran intanet a Satumbar 2017, amma ba kowace manhaja ke tafiya daidai ba, shi ya sa alhazai da yawa suke sauke imo su haɗa da WhatsApp, in ɗaya ta ƙi a gwada ɗaya. A sa wa mutanen gida ita ma tun kafin a tashi. Ranakun Mina da Arfa jama'a sun yi wa eriya yawa, kira yakan yi wuya, tes da saƙon murya sun fi wucewa. Tsoho ko tsohuwar da ba su iya karatu ba, a rubuta musu lambar jami'in alhazan jiharsu da sunan masauki a takarda su rataya, don waya tana iya mutuwa. Lambar gaggawa a Makka 911 ce.

A Dubai saƙon WhatsApp yana tafiya, rubutu da murya da hoto, amma kiran murya da na bidiyo a toshe suke. Manhajar da hukuma ta yarda da ita wadda kowa ke amfani da ita ita ce BOTIM. Chaina ta fi tsanani: WhatsApp da Facebook da Google duk ba sa aiki a kan layi ko Wi-Fi na ƙasar, WeChat ake yi. Mai zuwa Guangzhou ya buɗe WeChat tun a gida, ya buɗe wa wanda zai bar wa shago. A nan ne romin yake da wata fa'ida, don datar layin waje takan bi ta ƙasar da layin ya fito, sai ka ga WhatsApp yana aiki a kanta.

A kula da agogo kuma. Nijar, Chadi, Kamaru da Benin lokacinmu ɗaya. Ghana da Togo da Kwaddebuwa suna bayanmu da awa ɗaya. Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da biyu, Dubai da uku, Chaina da bakwai. In ka kira Guangzhou bayan magariba, tsakar dare ka tashi mutum.

Layin gida da banki

Layin Najeriya yanzu ba na kira kawai ba ne. A kansa alat ke shigowa, a kansa banki ke turo lambar tabbatarwa, da shi aka ɗaure BVN da NIN. Wanda ya bar shi a gida ya tafi, ranar da zai tura kuɗi manhajar banki ta nemi lambar da aka turo, ya tsaya. Ka tafi da shi, ka bar ɗan kati a ciki. Lambobin banki masu tauraro da ake dannawa ba ko'ina suke aiki a romin ba, don haka ka sauke manhajar bankinka ka gwada ta tun kana gida.

Mai daɗewa a waje, ɗalibi ko mai aiki, ya san cewa layin da ya yi wata shida ba a yi komai da shi ba kamfani yana da damar rufe shi, in aka ƙara jimawa a sayar wa wani. Sabon mai lambar shi zai riƙa ganin alat ɗinka, yana ma iya buɗe WhatsApp da ita. Ka riƙa sa kati kana tura tes ko guda ɗaya lokaci-lokaci. MTN tana da tsarin Keep My Number da ake biya a ajiye wa mutum lambarsa. In kuma kamfani ya yanke maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ka kai ƙara wurinsu ba su gyara ba, NCC tana da lambar koke kyauta, 622.

'Yan damfara ma suna nan a wannan hanya. Lambar waje da ba ka sani ba ta yi maka filashin sau ɗaya cikin dare ta katse, kada ka bi. Lambobi ne masu tsada da aka kafa don a ci kuɗin mai mayar da kira. Waɗanda suka fara da +881 ko +882 kuwa galibi na tauraron ɗan'adam ne, irin Turayya da direbobin hanyar Agadas ke riƙewa, kuma minti ɗaya a kansu ya fi kowane kira tsada. Lambobi shida na WhatsApp ba a ba kowa, ko da ya ce daga zauren unguwa ne ko hukumar alhazai. Ka kunna mabuɗin sirri na biyu a cikin saitinsa. Wi-Fi na otal da na filin jirgi ya isa kira da hira, amma harkar banki ka yi ta da datar layinka. Ka danna *#06# ka kwafe lambar jikin wayarka a takarda, ita 'yan sanda ke tambaya in an sace.

Maganar caja: Ghana da Saudiyya da Dubai soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Nijar, Benin, Togo, Chadi da Kamaru na Faransa suke bi, mai ƙafa biyu zagayayyu, don haka ka sayi mahaɗi ka jefa a jaka. Mai hawa jirgi kuma ya sa fawa bank a jakar hannu, ba a yarda a saka shi cikin kayan awo ba.